"Maigida, Me Ka Gani?": Martani Ga Masu Kiran Shawarar Mata Makirci

Akwai wani fage da ya zama ruwan dare a littattafanmu na hikaya, har da rubuce-rubucen da 'yan'uwa masu tasowa kan kawo a duba musu. Za ka ga mace ta gama ƙulla abin da za ta yi, ta karɓi adashinta, ta yi magana da dillaliya, har ta sa rana, sa'an nan da dare ta durƙusa gaban miji ta ce, "Maigida, me ka gani?" Daga nan sai marubuci ya ajiye labari ya hau mumbari, ya cika shafi guda da wa'azi a kan kissa da makircin mata, wai idan da gaske shawara take nema, me ya hana ta tambaya tun kafin ta yanke? Mu dai mun gaji da wannan fage, kuma muna ganin lalaci ne na alƙalami. Tun shekarun 1990, lokacin da su Ibrahim Malumfashi suka buɗe muhawara a kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, ake zargin marubutanmu da rashin duban rayuwa da idon basira, ga shi kuwa har yau wasu suna ba masu zargin hujja da hannunsu.

To, bari mu sauko da maganar bakin ruwa, inda muka fi sani. Duk wanda ya zauna Yauri ko Wara ko garuruwan Shanga ya san cewa Basarke ne ke jefa taru, amma da zarar kifi ya hau tudu ya koma hannun mata. Su ke gyara tarwaɗa da ƙarfasa, su yi banda, su shanya warangi, su san wane kwando zai jure hanya, wane ne sai an sayar yau-yau. Matar da ta shekara 20 hayaƙin banda na shiga idonta ba ta bukatar wani ya koya mata ranar da za ta saki kaya. Ta riga ta sani, kuma mijinta ya san ta sani. Shari'a ma tana bayanta, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi dukiyar mace tata ce, tana da ikon saye da sayarwa ba tare da sa hannun miji ba. Inda malamai suka ba miji bakin magana shi ne kyauta, idan ta haura sulusin dukiyarta.

Me ya sa take tambaya ke nan? Saboda kuɗin nata ne, amma ƙofar gida a hannunsa take. Tana iya yanke cewa gobe za ta kai kaya kasuwa, sai dai ba ta iya sa ƙafa a jirgi ba da izininsa ba, ta dawo da mutuncinta cikakke. Kowa ya san tambayar farko da ake yi a garuruwanmu idan wani abu ya sami matar aure a hanya: "Da sanin mijinta ta fita?" Wannan tambaya kan riga gaisuwar jaje isowa. Ba mu manta da Larabar nan ta 26 ga Mayun 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya kife ɗauke da mutane fiye da 150, da yawansu mata da yara, kaɗan ne suka tsira. Allah Ya jiƙansu. Matar da ke hawa irin wannan jirgi duk mako ta san ruwa ba ya yi wa kowa alkawari. Idan ta ce "me ka gani?" tana so ne in Allah Ya ƙaddara wani abu, kada 'ya'yanta su tashi suna jin ana cewa uwarsu ta fita da fushin miji. Wanda ya kira wannan makirci, wallahi bai taɓa tsayawa a bakin tafkin Kainji yana jiran jirgin da ya makara ba.

Ban da haka akwai rabon alhaki. Idan ta sayi buhunan albasar Gungawa ta ajiye, farashi ya faɗi, albasa ta ruɓe, asarar da miji ya sa wa albarka asarar gida ce, a yi haƙuri a nemi wata. Wadda bai ji labarinta ba kuwa ta zama taurin kan mace, za a yi ta goranta mata har a gaban kishiya, har a gaban dangi ranar suna. Ita ke ɗaukar kasada da jarinta, ita kuma za ta sha gori, yaya ba za ta nemi wanda zai kama mata gefe ɗaya na kayan ba?

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne son kai da ke cikin wannan zargi. Wa ya fi namiji iya tambaya bayan ya gama yankewa? Ya kai gaisuwa, ya biya sadaki, an sa rana, an fara yi wa ɗaki fenti, sa'an nan ya kira uwargida ya gyara murya ya ce, "Ina so mu yi shawara, ina tunanin yi miki ƙanwa." Littafi nawa muka karanta inda aka kira wannan makirci? A'a, shi dattako ake ce masa, wai ya girmama ta. Haka hukuma ta yi wa kakanninmu. An fara aikin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga tsibirai da gaɓar Kwara, tsohuwar Busa ta nutse. An zagaya ƙauyuka an yi magana da mutane, amma babu Bagungen da "a'a" ɗinsa za ta tsayar da ruwa. Idan mai ƙarfi ya tambayi na ƙasa da shi bayan ya yanke, sanarwa ce kawai ya yi. Idan na ƙasa ya tambayi mai ƙarfi bayan ya yanke, har yanzu ana iya rushe masa komi da kalma ɗaya. Matar banda ta san Maigida na iya cewa "ban yarda ba," kifi ya kwana, ya kuma kwana, jari ya karye. Da wannan fargaba take durƙusawa, marubucinmu kuwa yana can yana yi mata dariya.

Ba mu ce babu mai tarko a cikin mata ba. Akwai wadda kan tambaya don in abu ya ɓaci ta ce "ai kai ka ce," akwai kuma wadda tsoron duka ne ke sa ta tambaya, wannan kuwa abin kunya ne ga mijin. Marubuci na da 'yancin ya rubuta su duka. Abin da ba shi da 'yanci a kai shi ne ya ɗauki mace guda ya mayar da ita dukan mata, ya rufe da karin magana, ya ce ya yi adabi. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya rataya yaye yaro kafin cikar shekara 2 a kan yardar juna da shawara tsakanin uwa da uba, alhali kowa ya san wadda ke shayarwa ita ta fara sanin lokaci ya yi. A Hudaibiyya kuma, shekara ta 6 bayan Hijira, shawarar Ummu Salama ce Manzon Allah (SAW) ya bi, aka fita daga mawuyacin hali.

Ɗalibanmu mata na sakandare su ne suka fi kowa karanta waɗannan littattafai, suna ɓoye su cikin littafin lissafi muna kamawa. Yarinyar da ta karanta sau 10 cewa tambayar miji yaudara ce, ko dai ta daina tambaya, ko ta ɗauka yaudarar ce aure. Saboda haka muna kira ga masu tace rubutu a rassan ƙungiyarmu, duk wanda ya kawo wannan fage a mayar masa da takardunsa, a ce ya je ya ƙara shafi biyu: daga ina matar ta samo jarin, me zai same ta idan mijin ya ce a'a, kuma shi gogan, me ya amsa mata a daren, ya saurara ne ko kuwa rediyo yake murɗawa.