Kwalba ɗaya, cuta goma: a yi hattara

Duk mai shiga kasuwar Arzeke ta Paraku ko tashar motar Jugu ya san su: mai magani da lasifika, ga kwalabe jere a kan tabarma. Kwalba ɗaya, in ji shi, tana kashe zazzaɓin cizon sauro, da basir, da ciwon suga, da hawan jini, har da rashin haihuwa. Mu kuma sai mu zaro jika biyu mu miƙa, ba tambaya.

Abin mamaki, mu ne ba ma karɓar turmin atamfa sai mun warware mun duba, ba ma sayen masara sai an auna a gabanmu. To, me ya sa abin da za mu ɗura wa cikinmu ne kaɗai ba ma bincika?

Ba muna raina maganin gargajiya ba ne. Maganin zazzaɓin da ake ba mu a asibiti yau, asalinsa wani irin tazargade ne. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tace sinadarinsa a shekarar 1972, aka gwada, aka san adadin da za a sha, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Ga bambancin nan: gwaji da awo. Jiƙon da ke cikin kwalba kuwa, ko mai sayar da shi bai san ƙarfinsa ba.

Mu tuna da Gambiya. A 2007 shugaba Yahya Jammeh ya ce yana warkar da ƙanjamau da ganyaye, ya sa majiyyata suka ajiye maganin asibiti. Wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. In na fadar shugaban ƙasa ya zo da haka, ina ga na bakin tasha?

Babbar hasarar ma ba kuɗin ba ne, ɓata lokaci ne. Yaro na zazzaɓi ana ta ba shi jiƙo kwana uku, kafin a kai shi likita jini ya ƙare. Alhali gwajin jinin bai wuce minti 20 ba.

Don haka jama'a, a fara da gwaji. Mai hawan jini ko suga kada ya ajiye ƙwayoyinsa don daɗin bakin mai lasifika. Mu ma na gidajen rediyo mu ji tsoron Allah, mu daina karɓar tallar maganin komai-da-ruwanka.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.