A Bar Tsohuwar Mota Ta Taka Kwalta

A watan Agustan 2021, wajen wani gwanjo a Pebble Beach ta jihar Kalifoniya, an sayar da wata mota ƙirar McLaren F1 a kan kuɗi sama da dala miliyan 20. Motar tana da abin faɗa. Guda 106 kacal aka ƙera irinta, direba a tsakiya yake zama da kujera ɗaya ta kowane gefensa, injinta mai silinda 12 kuwa aikin BMW ne. A 1998 an gwada wata 'yar'uwarta a Jamus, ta yi gudun kilomita 386 a awa guda. Amma abin da ya sa attajirai suka yi ta ɗaga hannu a ranar shi ne mitarta. Tun da aka ƙera ta a 1995, tafiyar da ta yi gaba ɗaya ba ta wuce kilomita 390 ba. Wato a shekara 26 ta yi tafiyar da za ta iya cinyewa a awa ɗaya, ko zuwa Kaduna daga Kano da dawowa ba ta cika ba.

Ni dai da na ga wannan labari, tausayi ne ya kama ni, na motar da kuma na mai ita.

Kowa ya san Mista Bin, wato Rowan Atkinson, da 'yar ƙaramar motarsa ta wasan kwaikwayo. A zahiri mutumin mayen motoci ne. Ya sayi tasa McLaren F1 a 1997 a kan sama da fam dubu 500, ya kuma mayar da ita motar hawa: ya yi mata tafiyar kusan mil dubu 41. Sau biyu yana hatsari da ita. Na biyun, a 2011, ya daki bishiya, ya ji rauni a kafaɗa, gyaran kuma ya ci fam dubu 910 daga aljihun kamfanin inshora. Aka gyara, ya ci gaba da hawa, a 2015 ya sayar da ita a kan kimanin fam miliyan 8. Na san shekarun cinikin biyu ba ɗaya ba ne, kuma ko a rana ɗaya aka kai su kasuwa, wadda ba ta taɓa ganin hanya ba ce za ta fi tsada. To amma Atkinson ya ji ƙarar injin nan a bayan kunnensa na tsawon shekara goma sha takwas, ya kuma fita da riba. Mai waccan ta gwanjon 2021 kuwa me ya samu? Gadi ya yi wa mai saye na gaba, da kuɗinsa, da garejinsa, da wutar na'urar sanyaya ɗaki.

Kasuwa ce ta koya wa mutane wannan hali. Da tsofaffin motocin tsere suka zama kadara irin gwal da filaye, sai kowace kilomita ta zama asara a idon mai lissafi, makulli ya koma akwatin ajiya. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fanni: duk wanda ya taɓa zuwa sayen 'yar Kwatano ya san yadda ido ke fara faɗawa kan mita, ya kuma san cewa akwai masu sana'ar mayar da ita baya. Bambancin kawai, can ba a taɓa mitar, motar ake hana motsi.

Sai dai duk bakaniken da ya san aikinsa zai gaya maka cewa ajiya ma hanyar kashe mota ce, a hankali take yi ba tare da ƙara ba. Robobin da ke riƙe mai a cikin inji da giya suna buƙatar baƙin mai ya riƙa ratsa su. In sun bushe sai su tsattsage, ranar da aka tayar da motar a ga mai yana ɗiga ta ko'ina. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, danshin nan kuma ya ci bututu da fistan birki daga ciki, inda ido ba ya gani. Fetur in ya daɗe a tanki yakan lalace, ya yi danƙo ya toshe kafireta. Ruwan lagireta ya daina kare ƙarfe daga tsatsa. Kuloci ya manne. Taya ta gaji da tsayuwa a wuri ɗaya, gefen da ke ƙasa ya baje. Batir ya mutu, ɓera ya samu gida a cikin wayoyi. Ko tayar da inji na minti biyar a gareji, da wasu ke yi duk mako suna ganin sun kyauta, ba ya wadatarwa, domin injin bai yi zafin da zai kori ruwan da ya taru a baƙin mai da salansa ba, ƙara masa ma ake yi. Masu doki sun daɗe da sanin wannan: ingarman da ake ji da shi don hawan salla, in aka bar shi a turke shekara guda ba kilisa, yana ƙiba yana sheƙi, ranar hawa ne zai ba da kunya.

A Burunai aka ga iyakar abin. Gidan sarautar ƙasar ya tara dubban motoci masu tsada a shekarun 1990, Ferrari da Bentley da Aston Martin, wasu ma don su kaɗai aka ƙera. Wani dillali Ba'amurke da ya samu shiga rumbunan a farkon shekarun 2000 ya ba da labarin abin da ya tarar: zafi da danshin ƙasar sun gama da da yawa daga cikinsu, fatar kujeru ta yi funfuna, tayoyi sun kwanta, alhali mitocinsu ba su nuna wata tafiya ba.

Wani lokacin ma abin yakan kai ga rai. Motar Porsche Carrera GT da ɗan fim Paul Walker ya mutu a cikinta a Nuwamban 2013, tare da abokinsa da ke tuƙi, ba ta yi wata doguwar tafiya ba a rayuwarta. Masu bincike sun ce gudun wuce kima ne ya jawo hatsarin, amma sun kuma lura cewa wasu daga cikin tayoyin da ke jikinta sun kai shekara tara. Taya irin wannan zanenta bai side ba, ga ido sabuwa ce, amma robar ta riga ta ƙandare ta daina kama kwalta. Motar da ake hawa kullum da tuni an canja mata.

Hujjar masu ajiya ba ta banza ba ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Sukan ce Ferrari 250 GTO guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, ba kuma za a ƙara ba. In wani ya nannaɗe ɗaya a jikin bishiya, ba shi kaɗai ya yi asara ba, duniya ce ta rasa wani yanki na tarihinta. Sukan ƙara da cewa motocin wancan zamani ba su da jakar iska, birkinsu ba ya hana taya cijewa, wasu ko bel ba su da shi. Wannan na biyun na karɓa baki ɗaya. Wanda zai hau motar 1960 ya hau ta da hankalin 1960, ya bar tazara, ya guji dare da ruwan sama, in kuma gudu yake so ya je filin tsere, kada ya gwada jarumtarsa a kan 'ya'yan mutane.

Na farkon ne ban gamsu da shi ba. Nick Mason, makaɗin ganga na ƙungiyar Pink Floyd, ya sayi tasa GTO a ƙarshen shekarun 1970 a kan ƙasa da fam dubu 40. Ya shiga tsere da ita, ya bai wa wasu direbobi sun yi tsere da ita, tana nan lafiya lau har yau, alhali irinta ta haura dala miliyan 48 a gwanjon 2018. Tun 1998 ake taron Goodwood Revival a kudancin Ingila duk watan Satumba, inda motocin da suka kai farashin unguwa guda ke goga kafaɗa a kwana da gaske. Akan yi karo, akan lanƙwasa ƙarfe, a kai wa maƙera su miƙe shi, baɗi a dawo. A Italiya kuma, tseren Mille Miglia na mil dubu daga Brescia zuwa Rum da dawowa, wanda aka yi daga 1927 zuwa 1957, an farfaɗo da shi a 1977 a matsayin tattaki na irin motocin da suka yi shi tun asali. Ɗaruruwansu ke ratsa ƙauyuka, yara da tsofaffi suna bakin titi. Waɗannan tarurruka su ne ke ciyar da masu bugun alminiyam da hannu da masu saita kafireta da kunne. In motocin suka daina fita, sana'ar nan za ta mutu, sannan ne za a rasa mai gyara ko da wadda ke ajiye. Mota mafi tsada da aka taɓa sayarwa, Mercedes-Benz 300 SLR mai rufi ta 1955, wadda ta tashi a yuro miliyan 135 a 2022, guda biyu ce tak a duniya. Injiniyan da ya ƙera ta, Rudolf Uhlenhaut, da irinta yake zuwa ofis.

Ga kuma Irv Gordon, malamin makaranta a jihar New York, da ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966 ya yi mata tafiyar sama da mil miliyan 3 kafin rasuwarsa a 2018. Sirrinsa bai wuce juyen baƙin mai a kan lokaci da bin littafin kamfani ba, kuma motar tana sheƙi har ƙarshe.

Batun sheƙin nan shi ne ya fi raba kan masu abin. An yi zamanin da gyaran tsohuwar mota ke nufin a kwance ta har ƙusa ta ƙarshe, a kankare fenti, a yar da kujeru, a mayar da ita ta fi ranar da ta fito daga masana'anta kyau. A ɗauko ta a cikin rufaffiyar tirela, a sauke a kan ciyawa, mai ita ya bi zanen taya da ɗan buroshi yana cire ƙasa kafin alƙalai su iso. Irin wannan mota ta ci kofi, amma duk abin da zai shaida cewa ita ce ta yi tsere a shekara kaza an zubar da shi a bola. Shi ya sa na ji daɗin abin da ya faru a gasar Pebble Beach ta 2024. Tun 1950 ake wannan gasa, sai a wannan shekara ce karon farko da babbar kyauta ta je ga motar da ba a sabunta ba: Bugatti Type 59 ta 1934, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka, da baƙin fentinta mai tabo da kujerunta da suka sha zama. Ƙungiyar FIVA, mai kula da harkar tsofaffin motoci a duniya, ita ma a yarjejeniyarta ta Turin da ta fara aiki a 2013 ta goyi bayan a riƙa hawa motocin a kan titi, a kuma mutunta alamun shekarun da ke jikinsu.

Sai dai 'yan kasuwa ba sa barin abu a tsakiya. Da aka gano tarin motocin gidan Baillon a yammacin Faransa, kusan sittin, sun shekara da shekaru a ƙarƙashin rumfunan kwano, sai aka kai su gwanjo a Paris a 2015 da ƙurarsu. Wata Ferrari California da aka tono daga ƙarƙashin tulin mujallu ta haura yuro miliyan 16. Daga nan ƙura ta yi daraja, har ana gargaɗin kada a wanke. Wannan kam shirme ne. Gogewar da tafin hannu ya yi wa sitiyari tarihi ce, haka ƙananan tabon da tsakuwa ta yi wa hancin mota. Kashin tsuntsu da tsatsa kuwa sakaci ne, kuma tsatsa ba ta tsayawa inda aka gan ta. A wanke mota da ruwa mai yawa kafin a sa mata tsumma, musamman a irin ƙurar hunturunmu da ke karce fenti in an goge ta a bushe. A shafa mata kakin kare fenti, a ciyar da fatar kujeru da mai, a leƙa ƙarƙashinta inda laka ke maƙalewa, a kashe tsatsa tun tana ƙarama, a ɓoye ta daga rana. Fentin asali kuwa, in dai yana kare ƙarfen, a ƙyale shi, don sau ɗaya ake kankare shi.

Akwai motocin da na yarda a killace su, amma dalilin daban ne. Baƙar Mercedes da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da ramukan harsashi a jikinta. Wanda ya toshe ramukan nan ya fesa fenti ya yi ɓarna, domin ita shaida ce, aikinta na mota ya ƙare a safiyar nan. Haka Bugattin 1925 da aka tsamo daga tafkin Maggiore a 2009 bayan ta shafe sama da shekara saba'in a ƙarƙashin ruwa, rabin jikinta ya narke. Wanda ya saye ta ya nuna ta yadda take, kuma ya yi daidai. Irin waɗannan ba su da yawa. McLaren mai kilomita 390 ba ta cikinsu, ba ta shaidi komai ba sai bangon gareji.

A ma'aunin FIVA, motar da ta kai shekara 30 ta shiga sahun na tarihi. Da wannan lissafi, Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970 ta daɗe da shiga, kuma tana da nata tarihin tsere: ita ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, mai ƙofa biyu kuma ta sake lashewa a 1978. Gidaje da dama akwai irinta a lulluɓe da tamfol a bayan gida, an ɗora ta a kan bulo, ana cewa motar Baba ce, ba a so a taɓa. Tamfol ɗin nan yana riƙe danshin damina a jikin ƙarfe. Masu ita su cire shi, su zubar da tsohon fetur da man birki, su sa sabbin tayoyi ko da na jikinta ba su side ba, su nemi tsohon bakaniken da ya koyi aiki a kanta tun yana da sauran ƙarfi, sannan a riƙa fita da ita ko sau biyu a wata, tafiyar da za ta kai injin ya yi zafi sosai.