Hukuncin tsofaffin kayan gwamnati, da dalilin da ya sa muka mayar da injin wuta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, da yawanku kun ga injin wutar da aka sauke a harabar masallaci ranar Talata, kun kuma ga an ɗauke shi ranar Alhamis. Maganganu sun iso gare ni. Wasu sun ce Liman ya tsananta, wasu sun ce ya kunyata mutumin kirki, wasu kuma sun ce ga bazara, ga ɗaukewar wuta, ga tsofaffi suna jiƙewa da gumi a cikin sahu, sannan Allah ya kawo sauƙi a kore shi. Zafin da kuke ji ni ma ina jin sa. Amma tunda ni na ce a mayar, wajibi ne in faɗi hujjata.

Wanda ya kawo injin alheri ya nufa, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Na tambaye shi daga ina. Ya ce wata ma'aikata ce ta samu sabo, aka jingine wannan a bayan ofis, shugaban wurin ya ce gara a kai masallaci da a bar shi ya ruɓe. Na ce akwai takardar da ta fitar da shi daga rajistar kayan gwamnati? Ya ce babu, magana ce ta baki. Na ce masa to wanda ya ba ka bai mallake shi ba, kuma kyautar abin da mutum bai mallaka ba ba ta inganta, ko da masallaci aka yi wa.

Mu fara daga tushe. Motar ofis, da injin, da kujera, da kwamfuta, da kwanon rufin da aka kware daga tsohon aji, da kuɗin wa aka saye su? Da lanfon da kuke biya, da kuɗin duwan, da tikitin da ake yankar wa mai ƙuli-ƙuli a kasuwa, ko da bashin da ƴaƴanmu za su biya, ko da taimakon da aka karɓo da sunan talakawa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗauki kansa game da baitulmali a matsayin mai riƙon dukiyar maraya. To wane waliyyi ne zai ce tunda rigar maraya ta tsufa ta zama tasa? Tsufa yana rage darajar kaya, ba ya sauya mai shi.

Ba ina cewa kada a sayar da tsofaffin kayan gwamnati ba ne. Ƙasa tana da tsarinta, wanda ma'aikata ke kira rifom: kwamiti ya duba kayan, ya tabbatar sun daina amfani, a cire su daga rajista, a yi musu kima, a sanar da jama'a, a yi gwanjo a fili, kuɗin su shiga asusun gwamnati. Shari'a ba ta da ja da wannan. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sayar da shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci ta hanyar neman mai ƙari, wani ya taya dirhami 1, wani ya ba da 2, aka sallama masa. A Risala kuwa, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, Ibn Abi Zaid ya kawo cewa dokin da aka yi waƙafi da shi, idan ya lalace, ana sayar da shi a sa kuɗin a cikin wani irinsa. Ku lura da sharaɗin: kuɗin suna komawa inda dokin ya fito. Abin da nake yaƙa shi ne ɓarnar da ake yi a ƙarƙashin wannan halal, kuma ta kasu gida uku.

Ta farko ita ce kashe kaya kafin ajalinsu. Mota tana da ƙaramar matsala, sai a faka ta da gangan. Yau a cire batir, gobe a kwance tayu, jibi a ɗora ta kan duwatsu. Ranar da kwamiti ya zo, gawa zai tarar. Motar da za ta yi, a misali, miliyan 3 a kasuwa, sai a rubuta mata jaka 300, ƙanen wanda ya faka ta ya saye, bayan mako biyu a gan ta da sabon fenti tana gudu tsakanin Maraɗi da Damagaram. A mazhabarmu an hana wakili ya sayar wa kansa abin da aka wakilta shi ya sayar, saboda ba ya yiwuwa mutum ɗaya ya so tsada ya kuma so araha a ciniki ɗaya. Sanya sunan ƙane ko na mata a takarda yana iya ruɗar mai bincike, amma wa zai ruɗi mala'iku masu rubutu?

Ta biyu tana wuyanmu mu ƴan kasuwa da jama'ar gari, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu saye su haɗu da dare su yi yarjejeniya: kada kowa ya ƙara, mutum ɗaya ya ɗauka da araha, a raba riba a bayan fage. Shehu Halil ya bayyana a Muhtasar cewa mai saye yana iya roƙon wani daga cikin masu tayi ya dakata masa, amma ba ya halatta ya tsayar da su gaba ɗaya. Wannan fa a kayan mutum ɗaya ne, wanda za ka iya samu ka nemi yafiyarsa. Wanda ya karya farashin kayan al'umma, ƙofa nawa zai ƙwanƙwasa?

Ta uku ita ce wadda ba a ɗauke ta zunubi ba: a bar kaya su ruɓe. Motar ɗaukar marasa lafiya tana kwance awaki suna kwana a ƙarƙashinta, alhali a ƙauye ana ɗora mai naƙuda a amalanke. Tebura suna jibge a magaza gara tana ci, alhali yara suna karatu a ƙasa cikin ajin zana. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wata mushen tunkiya, ya yi wa masu ita magana don me ba su amfani da fatarta ba. In fatar mushe ba a yarda a tozarta ta ba, ina ga injin da ke da sauran rai? Shugaban da ya ce gara a kai masallaci da ya ruɓe ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Sai dai maganin ruɓewa shi ne ya rubuta wa na sama da shi, a miƙa injin ga asibiti ko makarantar da ke buƙata ta hanyar doka, ko a sa shi a gwanjo.

Na san shubuhohin da ake kawowa. Ana cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, kuma ni ma ina da rabo a ciki. Mid'am, hadimin Annabi (SAW), yana cikin rundunar Haibara a shekara ta 7 bayan hijira. Kibiya ta kashe shi a Wadil Ƙura, mutane suka yi masa murnar shahada, sai Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Da jin haka wani ya kawo igiyar takalmi da ya ɗauka. Ganimar jama'a ce, amma ɗauka kafin rabo ya zama gululu, wanda aya ta 161 a Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗi cewa mai yin sa zai zo da abin da ya ɓoye ranar alƙiyama. A Sahihu Muslim an kai ma'aunin har zuwa allura.

Ana cewa gwamnatin ba da shari'a take mulki ba, saboda haka dukiyarta halal ce. Wannan magana ce mai haɗari, domin kuɗin ba na masu mulki ba ne. Masu mulki suna zuwa suna wucewa, mai ƙuli-ƙuli tana nan tana biyan tikiti. Ana cewa manya sun ci fiye da haka. An kafa HALCIA a 2011, an kafa CoLDEFF a 2023, don bin sawun dukiyar ƙasa, kuma ko sun kama mutum ko ba su kama shi ba, kabarinsa daban, naka daban.

Ana cewa matsayina ne ya ba ni dama, ban saci komai ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Musa al-Ash'ari, yana gwamnan Basra, ya ranta wa Abdullahi da Ubaidullahi, ƴaƴan Umar, kuɗin baitulmali, suka yi fatauci suka dawo da uwar kuɗi cif. Umar ya tambaya ko duk rundunar aka ranta wa. Da ya ji su kaɗai ne, ya nemi su ba da riba duka, daga ƙarshe aka daidaita a kan rabi. Ko dirhami bai ɓata ba, amma damar da kusanci ya ba su ita ya tuhuma.

Sai shubuhar da ta shafe mu: ai ɗakin Allah za a kai. Hadisin Ibn Umar a Muslim ya tabbatar da cewa ba a karɓar sadaka daga gululu. Masallaci ba ya wanke haram, kuma ranar da jama'a suka ga lasifikar Liman tana aiki da injin da ba shi da takarda, ranar ce bakinsa ya mutu a kan wannan mas'ala.

Saboda haka, ma'aikacin da ke da irin waɗannan kaya a gidansa ya mayar, in sun salwanta ya mayar da kimarsu. Wanda ke cikin kwamiti ya rubuta kimar gaskiya. Mai saye ya tambayi ranar da aka yi gwanjon, ya nemi rasit, in babu ya haƙura. Mu kuma ranar Juma'a za mu buɗe asusun sayen injin da guminmu, kowa ya kawo abin da ya sauwaƙa.

Wanda ke da hujjar da ta saɓa wa wannan, zaurena a buɗe yake bayan la'asar. Allah ya ciyar da mu halal, ya sanyaya mana kaburburanmu. Wallahu a'alam.