Waya a hannun direba: laifin wanda ya ɗauka ne kaɗai?

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta haramta amfani da waya yayin tuƙi, amma tarar naira 4,000 ba ta razana kowa. Duk wanda ya yi sammako daga Agwada ko Keffi zuwa Abuja shaida ne: tsakanin Masaka da Mararaba, direbobi da dama hannu ɗaya ke kan sitiyari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wayar na ninka haɗarin karo kusan sau huɗu.

Sai dai sau tari maigida ne ke kira daga ofis, ƙaramin ma'aikaci kuwa bai isa ya ƙi ɗauka ba. Wajibi ne ma'aikatun tarayya su rubuta ƙa'ida ƙarara: ba za a tuhumi wanda ya jinkirta amsa kira har ya faka motarsa ba.