Kiristocin Nijar sun ce sun yafe: me ya rage a wuyan sauran jama'a?

Akwai gidaje a Damagaram da Yamai da ba sai kalanda ta tuna musu ranakun 16 da 17 ga watan Janairu ba. A waɗannan kwanaki biyu na shekarar 2015 ne zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu (SAW), wanda jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, ta rikiɗe ta koma ƙone-ƙone. An fara a Damagaram bayan sallar Juma'a, washegari Asabar wutar ta kama Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu, biyar a kowane gari. A Yamai kaɗai 'yan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka cinna wa wuta, ban da otal-otal da mashaya da gidan marayu da makaranta. A Damagaram ɗaruruwan Kiristoci sun nemi mafaka a barikin soja. Shugabannin Katolika sun dakatar da taron sujada, gwamnati kuma ta ayyana zaman makoki na kwana uku.

Fushin Musulmi kan wancan zane yana da dalili, kuma zuwan shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, jerin gwanon birnin Paris ranar 11 ga watan ya ƙara wa wutar mai. Sai dai waɗanda aka ƙone wa ɗakunan ibada ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ba su zana ba, ba su buga ba, akasarinsu ko kwafin jaridar ba su taɓa riƙewa ba. Har ma Paparoma Francis, kwana ɗaya kafin rikicin Damagaram, ya faɗa wa 'yan jarida cewa bai halatta a ci zarafin addinin wasu ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ba a cika magana a kansa ba. Ba a ji an kai harin ramuwa ba. Limaman Katolika da fastocin majami'un bishara sun fito sun ce sun yafe, suka kuma umarci mabiyansu da su yafe. Wasu ikilisiyoyi sun koma yin sujada a cikin ginin da ya ƙone, ba rufi, ba kujeru, bango baƙi ƙirin da hayaƙi.

Akwai masu cewa wannan ba abin yabo ba ne, dole ce kawai: mutanen da ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasa ba, ina suka ga ƙarfin ramawa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta tsaya a rabin hanya. Rashin ƙarfi yana hana mutum ɗaga hannu, ba ya hana shi ƙullata. Marar ƙarfi yana iya yin shiru shekara 20 yana shayar da 'ya'yansa gaba tare da nono, kuma ƙasashe da yawa sun ga inda irin wannan shiru yake ƙarewa. Abin da shugabannin Kirista suka nema daga mabiyansu ya fi shiru nauyi. Sun ce a saki abin daga zuci, a koma a gaida maƙwabci, a sayi kaya a shagonsa, a je sunan ɗansa, ko da ana zargin ƙanensa yana cikin waɗanda suka kwashi kujerun majami'a.

Mai karatu da ba Kirista ba yana da haƙƙin sanin inda wannan ya samo tushe. A koyarwar Kirista, mutum ba fursunan jiyansa ba ne. Wanda ya tuba, Allah yana gafarta masa saboda Yesu Almasihu, ya kuma ba shi sabuwar zuciya. Shi ne abin da suke kira sabuwar haihuwa, kuma baftisma alamarsa ce. Daga nan sai sharaɗi ya biyo: wanda aka yafe wa babban bashi ba shi da bakin shaƙe ɗan'uwansa a kan ƙaramin bashi. Addu'ar da suke maimaitawa kullum ta ɗaure gafarar da suke roƙo da gafarar da suke bayarwa, ba a raba su. Azumin kwana 40 da Katolika ke farawa da shafa toka a goshi, ya ƙare da idin tashin Almasihu, duk shekara wannan darasin yake maimaitawa: abin da ya zama toka ba nan ne ƙarshensa ba. Manzo Bulus, wanda wasiƙunsa suka cika Sabon Alkawari, shi kansa mai farautar Kiristoci ne kafin ya juya. Addinin da ɗaya daga cikin manyan malamansa tsohon mai tsananta wa masu bi ne, da wuya ya ce wa wani yaro mai jarkar fetur ƙofa ta rufe masa har abada.

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan fage. Labarin Annabi Yusufu yana cikin Alƙur'ani mai girma, yana kuma cikin Littafi Mai Tsarki. 'Yan'uwansa sun jefa shi rijiya, ya yi bauta, ya yi kurkuku, da mulki ya zo hannunsa ya ciyar da su maimakon ya rama. Amma akwai wani abu a labarin da masu gaggawar cewa "a manta kawai" suke tsallakewa. Yusufu bai yi kamar ba a yi komai ba. Ya gwada su ya ga ko sun sake hali, an ambaci abin da suka aikata a fili, su kuma suka amsa laifinsu da bakinsu.

Nan ne matsalar Nijar take. An karɓi gafarar Kiristoci hannu bibbiyu, an mayar da ita izinin mantuwa. Kuma tarihi ya nuna abin da mantuwa ke haifarwa. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta ƙare da kai wa majami'u hari a Maraɗi. A watan Satumba na 2012, saboda wani fim da aka yi a Amurka, an farfasa majami'ar Katolika ta Damagaram. Sai 2015. Sai kuma watan Yuni na 2019, da aka kama wani limami a Maraɗi kan sukar daftarin dokar tsara harkokin addini, matasa suka ƙone majami'ar Assemblées de Dieu da ke unguwar Zariya. A dubi dalilan ɗaya bayan ɗaya: bikin tufafi, fim ɗin ƙetare, jaridar ƙetare, dokar gwamnati. Babu ko ɗaya da Kiristan Nijar ya ƙulla. Duk lokacin da rai ya ɓaci da wanda hannu ba ya kaiwa gare shi, sai a huce a kan wanda ke bayan katanga. An kashe maciji sau huɗu ba a sare kansa ba.

Saboda haka duk wanda ya ce wa wanda aka ƙone wa gida "ai addininku ya ce ku yafe, sai ku yi shiru", ya ɗauki rabin koyarwar ya jefar da rabi. A cikin Linjila akwai labarin Zakka, mai karɓar haraji da ya yi arziki da zalunci. Da ya tuba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. A Attaura kuma akwai dokar shekara ta 50, wadda a cikinta ake sakin bayi, gonaki su koma hannun masu su na asali. Daga nan Katolika suka samo shekarar jubili, kamar wadda aka buɗe a jajibirin Kirsimeti na 2024 da taken bege. A duka biyun, rabuwa da abin da ya wuce yana da farashi, kuma wanda ya ci riba ko ya yi ɓarna shi ke biya. Fiƙihun Musulunci ma haka ya tsara: tuba daga haƙƙin ɗan Adam ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe da yardarsa.

To me ya rage a wuyan masu rinjaye? Da farko a faɗi gaskiya ga yara. Wanda aka haifa a 2015 yanzu ya yi wayo, yana jin labarin a fada wajen shan shayi, wani lokaci a bakin wanda ke ba da shi da alfahari. Ya kamata ya ji ɗaya ɓangaren daga malaminsa na makarantar allo da na boko da limamin Juma'a: cewa abin da aka yi zalunci ne, kuma a ranakun nan akwai Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci, wasu suka tsaya a bakin ƙofa suka kori masu ɓarna. Shugaba Issoufou ma a jawabinsa na lokacin ya ce masu wannan aika-aika ba su fahimci Musulunci ba. Waɗancan maƙwabta su ne suka fitar da al'umma kunya, amma sunayensu ba sa kan kowane titi.

Hukuma kuwa, ko ta farar hula ko ta soja, aikinta bai canza ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kalmar sake gina ƙasa ta cika bakin kowa. Ma'auninta mai sauƙi ne: ranar da gari ya ɗauki zafi bayan sallar Juma'a, motar jandarma tana isa ƙofar majami'a kafin masu fetur ko bayansu? Gafarar da fasto ya furta daga mumbari ta shafi zuciyarsa da ta mabiyansa. Ba ta ɗauke wa alƙali aikinsa ba.

Sannan akwai su yaran da suka riƙe ashana. Da yawansu ba malamai ba ne, ba ma masu tsayar da salla ba ne. Matasa ne marasa aikin yi da suka ga hayaniya suka bi. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, bai shafi ƙone majami'u ba, amma wanda ya kalle shi ya ga yadda samarin unguwar Kara-Kara ke fafutukar rabuwa da tsohuwar rayuwa alhali gari ya riga ya yanke musu hukunci. Idan begen sabuntawa gaskiya ne, irin waɗannan ne suka fi buƙatarsa. Kuma majami'u suna da abin bayarwa a nan, domin sun daɗe suna yi. Asibitin Galmi yana karɓar marasa lafiya tun 1950, cibiyar Danja kusa da Maraɗi ta yi shekaru tana kula da masu cutar kuturta, makarantun mishan sun yaye 'ya'yan Musulmi da yawa da suka zama manyan ma'aikata. Ba a tambayar addinin mutum kafin a ɗaura masa ruwa.

Su ma Kiristoci akwai gyara a nasu ɓangaren, kuma ƙauna ce ta sa a faɗa. Ana iya furta gafara da baki a kuma gina katanga a zuci. Bayan 2015 majami'u da dama sun ƙara tsawon ganuwa, abin da ba wanda zai zarge su a kai. Haɗarin shi ne yaro ya tashi bai san kowa ba sai 'yan majami'arsu, yana kallon duk mai hula da carbi a matsayin wanda zai iya ƙone shi gobe. Wannan ma zama ne a cikin jiya, ko da an yi masa ado da waƙoƙin yabo. Wasu masu wa'azi kuma sun mayar da sabuntawa abin sayarwa: a zo daren 31 ga Disamba, a ba da baiko, a tsallaka sabuwar shekara an bar talauci a baya. Sabuwar zuciyar da Littafi Mai Tsarki ke magana a kai ana gane ta ne a ranar 2 ga Janairu, a kasuwa, a wajen awo da biyan bashi.

'Yan ƙasa mazauna waje, na addinan biyu, su ma su yi hattara. Wanda ke zaune a Abijan ko Aljeriya ko Faransa yana iya tura tsohon bidiyon gini yana ci da wuta a WhatsApp ko Facebook, ya rubuta kalma biyu masu zafi, ya kashe waya ya kwanta. Uwarsa da ke Sabon Gari ita za ta fita ɗibar ruwa da safe tare da matan unguwa.

Kada kuma a ɗauka maganar tarihi ce kawai. A yankin Tillaberi, ƙauyukan da ke wajen Makalondi da Torodi sun ga Kiristoci da Musulmi suna barin gonakinsu saboda 'yan bindiga. A Bomoanga ne aka sace limamin Katolika ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a daren 17 ga Satumban 2018, sai a watan Oktoba na 2020 aka sako shi a Mali. Bayan fitowarsa ya bayyana cewa ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Shekara biyu a hannunsu, har da sarƙa a ƙafa. Mutanen da ya bari a can, da yawansu har yau ba su koma gida ba, kuma ba a iya cewa mutum ya bar abin da ya wuce alhali abin bai wuce ba tukuna.

Sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin malamai da shugabannin majami'u suna haɗuwa a tarukan tattaunawa tsakanin addinai, a ɗauki hoto, a ci abinci, a watse. Abin da ya fi amfani ƙarami ne: kowane mai unguwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ya san majami'u nawa ke yankinsa, ya riƙe lambar fasto, fasto ya riƙe lambar limami, a kuma amince tun yau su wane ne dattawan da za su je su zauna a ƙofar majami'a ranar da wani labari mai tayar da hankali ya sake shigowa daga ƙetare.