Motar da ke gane mai gwaji, da hayaƙin da muke shaƙa

A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin kamfanin Volkswagen na Jamus. Kamfanin da bakinsa ya amsa cewa motocinsa na dizal kimanin miliyan 11 a duniya suna ɗauke da manhajar ha'inci.

Injin dizal na fitar da baƙin hayaƙi da kuma iskar NOx, wadda ke cin huhu tana tayar da asma. Don rage su akan mayar da wani kaso na hayaƙin cikin inji ya sassauta zafin ƙuna, a sa matata a salansa ta tare baƙin, a wasu motocin kuma a fesa ruwan AdBlue ya karya gubar. Duk wannan yana cin mai da kuɗi.

Sai kamfanin ya koya wa kwamfutar motar wayo. In tayoyi na juyawa amma sitiyari bai motsa ba, ta san a ɗakin gwaji take, sai ta kunna kayan tacewa gaba ɗaya. Da ta hau titi sai ta sake su, gubar ta kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka gano haka a 2014, da suka ɗaura ma'auni a mota suka bi hanya da ita. Shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya yi murabus, tara da diyya suka haura Yuro biliyan 30.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan hali: mudu biyu, ɗaya na idon hukuma, ɗaya na mai saye.

Amma kafin mu zagi Bature, mu dubi kanmu. Tokumbo na sauka a Apapa da Tin Can da matatarsu, sai mu kai wa makanike ya fasa salansa ya cire “indomi”, wai mota ta ƙara gudu, ko a sayar da shi. Wa ke shaƙar hayaƙin? Ɗan acaɓanmu da ke bayan tirela a cunkoson Mile 12, da mai shayi a bakin tasha, da yaranmu a hanyar makaranta.

Shawararmu ga direbobi da masu motoci a cikinmu: in matata ta toshe, a wanke ko a canza, kada a cire. In za a sayi mota, a duba ko tana nan. Kuɗin gyara bai kai na asibiti ba. Allah Ya ba mu lafiya.