Fadar Versailles: Jamhuriya na cin gajiyar gadon sarakuna

A watan Oktoban 1789 dubban matan birnin Paris da yunwa ta addaba suka taka har zuwa fadar Versailles, suka tilasta wa Sarki Louis na 16 barinta. Daga ranar babu wani sarkin Faransa da ya sake zama a cikinta.

Sai dai jamhuriyar da ta fille kan wannan sarki a 1793 ba ta da wata kadara da take tinƙaho da ita a gaban baƙi kamar gidan nasa. A nan Shugaba Macron ya karɓi Vladimir Putin a 2017, a nan kuma ya shirya wa Sarki Charles na Birtaniya liyafa a 2023.

Dama don haka aka gina ta. Asalinta masaukin farauta ne na Louis na 13, kafin ɗansa Louis na 14 ya faɗaɗa ta ya mai da gwamnatinsa can a 1682. Ya tara hakimai a kusa da shi, ya shagaltar da su da bukukuwa da neman fada, domin kada su samu sukunin yi masa tawaye daga yankunansu.

A zauren madubai, mai madubi 357, aka sa hannu kan yarjejeniyar 1919 da ta ƙwace wa Jamus ƙasashen da ta mallaka, ciki har da Kamaru, wadda Birtaniya da Faransa suka raba.

Muhawara kan harshe

Shirin talabijin mai suna Versailles, wanda tashar Canal+ ta nuna daga 2015 zuwa 2018, ya tayar da ƙura tun kafin fitowarsa. Da Ingilishi aka yi shi, kuma Baturen Ingila, George Blagden, shi ne ya fito a matsayin Louis na 14. Wannan ya ɓata wa Faransawa da dama rai, ganin yadda suke kishin harshensu. Da aka nuna shi a Birtaniya kuwa, tsiraicin da ke ciki aka fi yi wa ƙorafi.

Masu shirin sun yi lissafin kasuwa ne: kuɗin da aka kashe ba za su dawo daga masu kallo na cikin gida kaɗai ba.

Lissafin ita kanta fadar ke nan. Mutane fiye da miliyan 8 ne suka ziyarce ta a 2023, akasarinsu daga ƙasashen waje. Hatsarin wannan dogaro ya bayyana a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe ƙofofinta na tsawon watanni, kuɗin shiga suka ƙafe, sai da gwamnati ta kawo ɗauki.

Yawan baƙin ma na da nasa tsadar, domin ɗakunan da aka tsara wa fadawa su ne yanzu ke ɗaukar dubban mutane a kullum, ga gyaran da ba ya ƙarewa.